Jan Ƙarfe a Cikin Bangon Hajiya Kubura

Alhaji Sha'aban dillalin shanu ne a nan Daura, Allah ya jiƙansa, kuma ba ya sayen abin da zai riga shi mutuwa. Shekarar da ya haƙa rijiyar burtsatse a gidansa ya ɗora tanki a tsakar gida, kowa ya ce masa ya ja ruwan da fayif na roba kamar yadda mutane ke yi. Ya ƙi. Ya shiga mota ya tafi Kano, ya dawo da bututun jan ƙarfe da aka ciro daga wani tsohon gidan Turawa da aka rushe. Ya ce wannan ba ya tsatsa, gara ba ta cinsa, ɓera ba ya huda shi. Sai dai jan ƙarfe abin kwaɗayin ɓarayi ne, don haka ya sa magina suka tone bangon ƙasa suka kwantar da bututun a ciki, suka yaɓe. Ya taso daga gindin tanki, ya bi cikin bangon ɗakin matarsa Hajiya Kubura daga wannan kusurwa zuwa waccan, ya ɓulla waje kusa da zaure. Nan aka kafa famfon sadaka, duk unguwa ta ɗiba.

Ni maƙwabcinsa ne, dakalina na kallon famfon. Ina zaune a gefen Alhaji ranar da ciwon ajali ya tsananta, ya kira babban ɗansa Badaru, mai sayar da yadi a kasuwa. Ya ce, "Famfon ƙofar gida. Kada a rufe shi, dare ko rana. Abin da zan riƙa sha ke nan a can." Badaru ya ce ya ji ya ɗauka. Alkawari kaya ne. Shekaru suka wuce, in babu wuta ya tada janareto, daga baya ya sa na hasken rana, bai taɓa barin tankin ya ƙafe ba.

Bazarar da nake ba da labarinta, Haulatu matar Badaru tana shara a ɗakin surukarta ta ga ƙasan bango ya yi duhu, kamar an watsa masa ruwa. Ta taɓa, ta ji sanyi. Ta faɗa wa Hajiya. Hajiya ta ce ta gani tun tuni, a bar mata abinta.

Dalili kuwa, zafin bazarar nan ya kai inda ya kai, ɗakin Hajiya Kubura kuma ya zama ɗaki mafi sanyi a unguwar. Ta jingina tulunta da bangon, ruwan ya yi kamar na randar damina. Ta jingina bayanta ma. Tsofaffin unguwa suka ji labari suka riƙa zuwa bayan azahar, kowace da goronta, su jeru jikin bangon suna cewa albarkar sadakar marigayi ce ta sauko. Ba wadda ta tambayi inda danshin ke fitowa a watan da ko ƙadangare haki yake yi. Ruwa ba ya tsami banza, amma wanda ke jin daɗin tsamin ba ya bincike.

Sai yaɓen ya fara ɓantarewa. Wani fari-fari kamar kanwa ya feso a jikin bangon, daga bisani wani kore-kore ya biyo bayansa. Tabarma ta yi wari. Ranar da ƙofar ɗakin ta ƙi rufuwa, Badaru ya ɗaga kai ya ga tsaga ta taso daga ƙasa ta nufi azarar rufi. A kan azarar nan akwai ƙasar soro mai nauyin gaske, a ƙarƙashinta kuma gadon uwarsa.

Ya kira Mainasara mai gyaran famfo. Mainasara ɗan ƙanen Hajiya Kubura ne, taubashin Badaru ke nan, saboda haka babu maganar da ba ya iya faɗa masa. Ya zo ya ƙwanƙwasa bangon daga waje, ya sa kunne, ya ɗan tona da ƙusa. Ƙusar ta shige kamar a tuwo.

"Mai yadi," in ji shi, "jan ƙarfen Kawu ya huje. Ba ya tsatsa, gaskiya ne, amma ruwan ƙasar nan daga ciki yake lasarsa. Huji kamar na allura, ba ka ganinsa sai ya gama da kai."

"To liƙe shi mana. Ba aikinka ba ke nan?"

"Da dalma ake liƙe shi, dalma kuwa ba ta kama bututun da ke da ruwa. Sai a rufe daga tanki, a tsiyaye, a tone bangon a bi shi. Daga safe zuwa yamma, in Allah ya sa wuri ɗaya ne."

"Ba za a rufe ba."

"Me ka ce?"

"Ka ji ni."

Mainasara ya kalle shi ya kalli layin jarkoki da ke bakin famfo. Ya ce, "To da dare fa, in mutane sun kwanta? Ko da yake ni ba na tone jiƙaƙƙen bango da tocila, Goggo na kwance a bayansa."

"Dare ko rana ya ce. 'Yan garuwa ma tun kafin assalatu suke zuwa."

"To sai ka kira shi ya zo ya gyara, tunda shi ya binne."

Badaru bai yi dariya ba. Ƙarshenta abin da suka yi, Mainasara ya fasa ɗan rami daga waje daidai inda danshin ya fi yawa, ya sami hujin yana feshi siriri kamar zare, ya naɗe shi da robar cikin tayar babur ya ɗaure tam. Ya ce wannan lallashi ne, ba magani ba. Ya riƙe na 'yan kwanaki, sai danshi ya ɓullo gaba kaɗan. Aka sake fasa rami, aka sake ɗaurewa. Aka sake. Kafin wata ya ƙare bangon daga waje ya zama kamar gidan tantabaru. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Da na ga abin ya ƙi ƙarewa na kira Badaru dakalina. Na ce masa liman da bakinsa ya ce larura ta halatta a rufe, ladan mamaci ba ya yankewa don an tsaya gyara. Na ce masa ubansa abokina ne tun muna kora shanu a ƙasa, na san shi, bai yi wasiyya don soro ya danne matarsa ba. Ya durƙusa yana kallon ƙasa har na gama.

"Na ji, Baba," in ji shi. "Amma ba liman ya riƙe wa hannu ba. Ni ya riƙe wa."

Na ce to a fitar da tsohuwa daga ɗakin. Ya ce ya roƙe ta har ya gaji, in gwada.

Na aika aka yi mini sallama da ita, ta fito zaure da sandarta. Badaru ɗan farinta ne, ba ta kiran sunansa, sai dai ta ce yaron nan. Muka gaisa, na faɗi abin da ya kawo ni.

"Malam, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo," in ji ta. "A ɗakin nan aka kawo ni, daga cikinsa za a ɗauke ni. In koma ɗakin suruka in kwana tsakanin kwanukanta? Ina da sauran mutunci."

"To ki ce wa yaron ya rufe ruwan yini ɗaya."

"Ni? Ban shiga tsakaninsu ba yana raye, sai yanzu da ya kwanta dama? Mai gidan nan ya faɗi abubuwa da yawa a ciwon nan. Har cewa ya yi a ɗaura wa bajiminsa sirdi zai je Mai'aduwa. Amma ba ni ya ɗora wa kayan ba. Wanda aka ɗora wa shi ya san nauyinsa."

Ta gyara mayafi ta koma ciki. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Na bar su.

Ana nan, hadari ya fara haɗuwa daga gabas da yamma-yamma yana watsewa. Wata rana Badaru ya zo wurina fuskarsa a sake, ya ce ya sami mafita. Ranar da aka yi ruwan farko mai ƙarfi, kowane gida na tara ruwan indararo, a cika randuna da bahuna da durom. Washegari ba mai zuwa famfo, ko 'yan garuwa ba sa fita don ba mai saye. A wannan yini zai rufe. Ba wanda zai zo ya koma da bokiti wayam, ba a hana kowa komai ba, marigayi bai rasa komai ba.

Na ce masa dabarar ba ta da laifi, sai dai ruwan da yake jira shi ne babban abokin gabar jiƙaƙƙen bango. Ya ce ya yi tunanin wannan. Ya sayo azara ya tokare bangon daga waje, ya tokare rufin daga ciki, ya shimfiɗa leda a kan soron ya danne da duwatsu. Ya gaya wa Mainasara ya zama cikin shiri, ranar da ruwa ya sauka washegari aiki. Mainasara ya ce to.

Ni ma da na saurari shirin ban hango inda ya ɓule ba, alhali a garin nan na yi furfura.

Ruwan ya zo wata ranar Talata bayan la'asar, da iska a gabansa. Ya zuba har magariba. Badaru ya tsaya a ƙofar ɗakin uwarsa cikin ruwan yana kallon tsagar, ita kuwa tana ciki tana jan carbi, ta ce wa Haulatu ta gaya wa wancan ya je ya fake, ba shi ke riƙe da bangon ba. Bangon ya ɗan zubar da yaɓe, tsagar ta ƙara buɗewa har yatsa na shiga, amma ya tsaya.

Da gari ya waye bakin famfo babu kowa, sai kwaɗi. Badaru ya leƙa lungu dama da hagu, ya koma ciki ya yi bisimilla ya murɗe makullin ruwa da ke gindin tanki. Ya kira wayar Mainasara, tana shiga ba a ɗauka. Ya hau babur ya je shagonsa ya tarar da kwaɗo. Shagon mai walda a rufe, na kafinta a rufe, na mai sayar da kayan famfo a rufe. Layin gaba ɗaya ba kowa sai akuya.

Abin da ya manta, ni ma na manta, shi ne ranar da ba mai zuwa famfo ita ce ranar da ba mai zama a gari. Duk mai sana'a a ƙasar Daura manomi ne da ya ari wata riga ya sa da rani. Ruwan shuka na sauka, ya tuɓe ta. Ba a fafe gora ranar tafiya, ga shi kuwa ranar tafiyar ce, ruwa a rufe, bango a jiƙe, wani hadarin kuma yana iya dawowa.

Gonar su Mainasara a Sandamu take. Badaru ya karya kan babur ya nufi can. Abin da ya faru a gonar daga bakin Mainasara na ji, shi kuwa ba ya rage gishiri a magana, sai ku rage da kanku.

Ya same shi a tsakiyar gona da sungumi yana sara, matarsa Zinariya na biye da ƙwaryar irin gero, tana jefawa tana takewa da diddige.

"A'a! Mai yadi a gona? Ko atamfa ta tsiro?"

"Ka ce mini to."

"Na ce to don na ɗauka zafin bazara ne ya taɓa ka. Wa ka taɓa gani da sifana a hannu ranar shuka? Dubi ƙasar nan. Danshi ba ya jiran kowa. In rana ta buga ta yau da gobe, sai wani ruwan, wani ruwan kuwa ba ni da alkawari da shi. Iyalina ba dalma suke ci ba."

"Na riga na rufe ruwan, Mainasara."

Mainasara ya dakata da saran. Ya ce, "Kai da hannunka?"

"Yau kaɗai gare ni. Gobe za su zo."

"Ni ma yau kaɗai gare ni."

Zinariya ta ce ita dai iri na hannunta, ba ruwanta da wanda ya sara ramin, in dai an sara. Sai Badaru ya cire babbar rigarsa ya rataye a reshen gawo, ya naɗe ƙafar wando, ya miƙa wa Mainasara makullin babur, ya karɓi sungumin.

"Kai? Hannun da bai san komai ba sai almakashi?"

"Je ka."

"In gerona ya fito a karkace kamar hanyar maye, kai za ka ci shi."

"Je ka, na ce."

Mainasara ya iso unguwa da hantsi, da akwatin kayan aikinsa da tukunyar gas ɗaure a bayan babur. Daga nan kuma da idona na gani, don na shiga gidan, tsufa ya ba ni wannan izinin. Ya tsaya a ƙofar ɗakin ya gaida Goggonsa, ya ce ta fito zai fara.

"Yi aikinka daga waje, ni ina ciki."

"Goggo, gindin bangon zan kwashe. Ba na taɓa shi kina ƙarƙashin soron nan."

"To kada ka taɓa."

Ya ajiye akwati ya zauna a kai. Ya ce, "Shi ke nan. Ɗanki na can Sandamu cikin rana ba riga, yana ɓata mini gona da sungumi, don in zo in tsare miki bango. In kin ƙi fita, shi ya yi asarar fatar hannunsa, ni na yi asarar gero. Sai mu zauna mu sha hira."

Uwa ba ta nuna damuwa da ɗan fari a gaban mutane, ko da wuta ta ga ya faɗa. Can sai muka ji muryarta.

"Haulatu! Zo ki ɗauke mini tabarmar nan da buta. Ɗakin ya cika warin ƙasa, yana sa ni tari."

Ta fito tana dogara sanda, ba ta kalli kowa ba, ta shige ɗakin surukarta.

Mainasara ya kama tona daga waje yana bin bututun. Ƙasar da ke kewaye da shi ta zama kunu, in ya zura hannu sai ya shige har gwiwar hannu. Ya riƙa kwashewa kaɗan-kaɗan yana cusa tubali da guntayen azara a gurbin. Da bututun ya bayyana, babu sauran ja a jikinsa, kore ne tun daga wannan kai har wancan. Ya kwance robobin da ya ɗaɗɗaura, ya goge wuri ɗaya da takarda mai yashi har ya yi ƙyalli, ya hura masa wuta, ya ɗiga dalma ta kama. Ya yi na biyu. Sannan ya toshe bakin famfo, ya kwance bututun daga gindin tanki ya busa da bakinsa. Iska ta riƙa fita ta wurare da yawa a lokaci ɗaya, kamar mai busa sarewa da bai iya ba.

Ya mayar ya ɗaure, ya kashe wutar, ya zauna a ƙasa.

Na ce, "Yaya?"

"Baba, wannan ya zama rariya. In na liƙe nan, can zai buɗe. Sai dai a yanke shi a fitar, a ja sabon layi ta wajen bango, a kira magina su sake gindin nan. Mai sayar da kaya yana gona, magina suna gona. Ba aikin yau ba ne, ba na gobe ba."

"To yanke mana."

"A'a. Na ubansa ne. Shi zai ce."

Badaru ya dawo dab da magariba a bayan motar itace, rigarsa a kafaɗa, tafukan hannunsa sun yi bororo sun fashe. Kowa ya ƙi sharar masallaci ya yi ta kasuwa. Bai ko nemi ruwan sha ba, ya zagaya ya tsaya gaban bangon da aka buɗe wa ciki, yana kallon koren bututun. Mainasara ya faɗa masa abin da ya faɗa mini, wannan karon ba wasa a ciki.

Badaru ya ce, "In aka buɗe yanzu, ruwa zai kai famfo?"

"Zai kai. Rabi ga famfo, rabi ga bango."

"Bangon zai kai yaushe?"

"Tambayi Mai sama. Ni dai ko takalmina ba zan bari a gindinsa ba."

"In muka bar Inna a ɗakin Haulatu har a gama shuka fa? A buɗe ruwan, in ya faɗi ya faɗi ba kowa a ciki."

Amsar ba daga Mainasara ta zo ba. Daga ɗakin Haulatu ta fito, ba a ɗaga murya ba.

"Haulatu, ki gaya wa mutanen tsakar gida, yau zan kwana nan don tari. Gobe a ɗakina zan kwana, da bango ko ba bango."

Duk wanda ya san Hajiya Kubura ya san ba ta maimaita magana. Badaru ya sunkuyar da kai. Aka kira salla muka watse.

Washegari rana ta fito fes, ba ko gajimare. Matan unguwa sun ƙarar da ruwan saman a wanki, abin da ya rage a bahuna ya yi ja da ƙasar soro. Na idar da lazimi na fito dakali. Mainasara ya iso da zarto a hannu ya jingina da babur, ya ce shi zai ba taubashinsa ɗan lokaci, in bai ji komai ba zai koma Sandamu, akwai sauran wake da ba a shuka ba.

Ta ƙofar zaure ina hango Badaru tsaye a gindin tanki. Ya naɗe hannayensa da tsumma. Ɗaya na kan makullin ruwan, bai murɗa ba, bai kuma ɗauke ba.

Sai ga Shatu mai koko ta ɓullo daga lungu da bokiti biyu. Bazawara ce, a famfon nan take ɗiban ruwan gasararta tun marigayi na raye. Ta gaishe ni, ta ajiye bokiti, ta murɗa kan famfo. Ya yi ɗan tari ya yi shiru. Ta sake murɗawa, ta bubbuga shi da tafin hannu.

"Ikon Allah. Salamu alaikum, masu gida! Famfonku ya yi yaji."

Ni dai ba a bakina maganar take ba. Mainasara ya kama duba haƙoran zartonsa. Ta sake sallama.

Badaru ya ɗauke hannunsa daga makullin. Ya ratso zaure ya fito, ya tsaya a bakin ƙofa. Sai da ya buɗe baki ya rufe, sannan maganar ta fito.

"Yau babu ruwa, Shatu."

"Lafiya dai?"

"Gyara za a yi. Zai ɗauki kwanaki."

Ta leƙa ta ga bangon a tone da azara a tokare. "Kai, ashe abin ya yi nisa. Gara dai a gyara, kada ya faɗo wa Hajiya. Me ya sami hannunka?"

"Ba komai."

"To Allah ya sa a gama lafiya. Bari in leƙa na masallaci kafin layi ya yi tsawo." Ta ɗauki bokitanta ta wuce, tana kiran wata maƙwabciya ta kan katanga cewa kada ta wahalar da kanta zuwa nan.

Badaru ya bi ta da kallo har ta sha kwana. Ban san abin da ya yi tsammanin zai faru ba, ban kuma tambaye shi ba. Bayanta wani ɗan garuwa ya turo kurarsa, ya faɗa masa shi ma, wannan karon maganar ba ta maƙale ba.

Sannan ya juya wurin Mainasara ya ce, "Yanke shi."

Mainasara bai yi masa ba'a ba. Ya durƙusa a gindin bangon ya ce wani ya riƙe masa ɗaya kan kada ya girgiza ƙasar. Badaru ya durƙusa ya riƙe da hannayensa masu tsumma. Jan ƙarfen ya yi laushi, zarton bai sha wuya ba.

Famfon ya zauna a bushe har aka gama shuka magina suka dawo gari. A tsakanin nan Hajiya ta koma ɗakinta kamar yadda ta ce, ta kwana ƙarƙashin rufin da aka tokare, bangon kuwa da ruwa ya daina shigarsa ya riƙa bushewa yana ƙara ƙarfi. Aka sake masa gindi da sabon tubali, aka ja fayif na roba ta waje inda ido ke ganinsa. Ranar da ruwa ya dawo Badaru yana kasuwa, Haulatu ce ta buɗe makullin. Bangon na nan tsaye, tsohuwa na ciki.